Kirari da Fenti: Hoton Doki a Zanen Gargajiya da Abin da Yake Faɗa wa Mutanen Zango

 

Mai girma shugaban taro. Mai martaba Sarkin Zango da sauran sarakunan ƙabilu, Allah ya ja zamaninku. Limamai da malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa samari da 'yan mata, barkanku da zuwa.

Dokin da zan yi magana a kansa yau ba ya cin harawa, ba ya shan ruwa, ba a kai shi kiwo, amma yana iya shekara ashirin a tsaye da ƙafa ɗaya a sama bai gaji ba. Shi ne dokin da mai zane ya ɗaure a jikin bango, ko a bayan babbar mota, ko a allon shago, ko a bayan gilashi. Muna wuce shi a hanya ba mu ɗaga kai, in ma mun ɗaga sai mu ce aikin mai fenti ne na neman abinci. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, wannan zane kirari ne da aka yi da fenti. Wanda ya auna shi da ma'aunin kirari zai ga gwaninta da tarihi a ciki, wanda kuwa ya auna shi da ma'aunin kyamara kuskure kaɗai zai gani. Kuma in akwai al'ummar da ya kamata ta iya karanta wannan kirari, to mutanen Zangon Kumasi ne, saboda dalilin da zan fara da shi.

Kumasi ba ƙasar doki ba ce. Garin yana cikin kurmi, kurmi kuwa gidan ƙudan tsando ne, wanda cizonsa ke sa wa doki cutar sammore ya rame ya mutu. Shi ya sa Asante ta gina daularta da sojan ƙasa da bindiga, alhali Dagomba da Mamprusi da Mosi da Hausa da Barno sun gina tasu a kan sirdi. Da Baturen nan Thomas Bowdich ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da Musulmi 'yan Arewa zaune a garin, suna kasuwanci suna rubuta layu, kuma hanyar da ta kawo su ita ce hanyar goro. Fatake na tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato su yi watanni a hanya kafin su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, jakuna ɗauke da kaya, madugu a kan dokinsa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wannan kasuwa, shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896 da yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 suka buɗe garin ga baƙi, jirgin ƙasa ya iso a 1903, daga nan Zango ya kafu ya yi rassa har Sabon Zango da Aboabo da Asawase. Kakanninmu sun zo da harshensu da addininsu da rigunansu, amma dabbar da suke auna girman mutum da ita ta ƙi zama. Su kansu Asantawa sun gane abin da doki ke nufi, don a cikin ƙananan ma'aunan zinariya na tagulla da maƙeransu suka zuba akwai siffar mahayi bisa doki, alamar iko da dukiyar Arewa. Ke nan tun da wuri, a wannan gari, hoton doki ya riƙa zama a gurbin dokin.

Sha'awar kama siffar doki tsohuwa ce a wannan yanki. A duwatsun Azbin, cikin Nijar ta yau, akwai zanen mayaƙa riƙe da dawakinsu da aka sassaƙa tun kafin Musulunci ya iso. A kogon Geji kusa da Bauchi akwai doki cikin dabbobin da aka zana da jar ƙasa. A nan Ghana, tonon da Farfesa James Anquandah na Jami'ar Legon ya fara a Yikpabongo, ƙasar Koma, a 1985, ya fito da siffofin yumɓu har da na mahaya. Tarihin Kano kuma ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Daga wannan zamani doki ya zama ƙashin bayan sarauta, har manyan muƙamai suka ɗauki sunansa: Madawaki, Ubandawaki, ga Shamaki mai kula da barga, ga zagage masu tafiya gaban sarki.

Amma gidan da hoton doki ya fi daɗewa a cikinsa a wurin Bahaushe shi ne baki. Dubi yadda harshen ya rarrabe dabbar nan: ingarma daban, goɗiya daban, dukushi daban, ƙuru daban. Ta fuskar launi, baƙin doki akawal ne, fari kili ne, mai fararen ƙafafu danda ne, ga hurde da bidi da gunya. Kayan hawa ma kowanne da sunansa: sirdi, linzami, ragama, likkafa, ƙaimi, majayi, bauji, jalala, kuhu. Al'ummar da ta ƙirƙiri wannan tarin kalmomi ta daɗe tana kallon doki da idon ƙwararre. Sannan ga maroƙa da makaɗa. Ibrahim Narambaɗa ya yi waƙa sukutum ga doki guda, Ɗanhilinge, har sunan dokin ya rayu bayan mai shi da mawaƙin duk sun kwanta dama. To yaya kirari yake aiki? Maroƙi ba ya lissafa duk abin da ke jikin wanda yake wasawa. Zaɓe yake yi: ya ɗauki siffa biyu ko uku da suka bambanta gwaninsa da saura, ya kambama su, ya jera su yadda mai ji zai gane nan take ko wane ne ake nufi. Ba wanda ke ce wa maroƙi ya yi ƙarya don ya kira sarki giwa, domin kowa ya san ƙa'idar aikin.

Wannan ƙa'ida ce mai zanen gargajiya ya ɗauko ya sa a buroshi. Ku lura da dokin bayan mota ko na bango, za ku ga kusan kullum ta gefe ake nuna shi, don ta nan ne tsawonsa da ƙirarsa ke bayyana gaba ɗaya. Ana faɗaɗa ƙirji, a lanƙwasa wuya, a ƙanƙanta kai, a ɗaga ƙafar gaba, irin tsayawar da mahayi ke yi in ya sako sukuwa ya ja linzami gaban sarki ya yi jinjina. Fuskar mahayin sau da yawa ba a wahala a kanta, amma rawaninsa da alkyabbarsa da adon sirdi da tuntayen linzami sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, saboda a nan ne matsayi yake. Mai zanen ya san abin da masu kallonsa za su bincika. Dattijon da ya san hawa ba zai damu da inuwar da ke ƙarƙashin cikin dokin ba, amma in aka ɗaura wa dokin talaka kayan da sai sarki ke sa wa, nan da nan zai ce an yi kuskure. A ƙasar Hausa wannan ado ya samu gurbi a bangon zaure da ɗakin amarya, inda magina da masu fenti suka riƙa sa takobi da keke da jirgin sama da agogo kusa da dagi. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, kuma ta dalilin bincikensa ne sunan mai zanen bango Musa Yola ya shiga littattafai. Ɗaruruwan irinsa sun yi aiki sun tafi, damina ta wanke bangon, sunan ya bi ruwa.

In muka leƙa maƙwabta za mu ga hujjar ta ƙara ƙarfi, domin a can ma dokin zane mai suna ne. A Senegal akwai zanen bayan gilashi da ake kira suwer. Gwamnatin mulkin mallakar Faransa, zamanin Gwamna Janar William Ponty wanda ya riƙe muƙamin daga 1908 zuwa 1915, ta tsananta wa shigo da hotunan addini da ake bugawa a ƙasashen Larabawa, sai masu zanen gida suka riƙa kwafarsu a kan gilashi, sana'ar ta bunƙasa. Cikin abin da gwanayenta, irin su Gora Mbengue, suka shahara da shi akwai shehunan ɗariƙu da jaruman ƙasa, kuma jarumin da ake yawan zanawa shi ne Lat Dior, sarkin Kayor, wanda ya ƙi yarda da layin dogo tsakanin Dakar da Saint-Louis, ya faɗi a fagen fama a Dekheule a 1886. Dokinsa Malaw sananne ne kamar shi kansa. A Dimashƙa, Abu Subhi al-Tinawi, wanda ya rasu a 1973, ya ƙare rayuwarsa yana zana Antar ɗan Shaddad bisa dokinsa Abjar. A Habasha kuwa da sunan doki ake yi wa sarki laƙabi: Tewodros shi ne Abba Tatek, Menelik shi ne Abba Dagnew. Arewa da mu, Mosi na danganta asalinsu ga gimbiya Yennenga da ɗanta Wedraogo, sunan da ke nufin ingarma, kuma babbar kyautar bikin finafinan FESPACO a Wagadugu siffar Yennenga ce bisa ingarmanta. A duk waɗannan wurare, mai zane na ɗaukar doki a matsayin mai suna da hali da tarihi, abokin tarayya a cikin ɗaukakar ubangidansa.

Yanzu bari in juya ga masu ja, domin akwai su, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Na farko zai ce wannan zane bai kai ba: ƙafafu ba daidai ba, ba a nuna nisa da kusa ba, ina shi ina aikin George Stubbs na Ingila, wanda ya feɗe gawar dawaki ya buga littafin ƙirar jikinsu a 1766, ya kuma zana dokin nan Whistlejacket da ke rataye a gidan zane na ƙasa a Landan? Amsa ita ce kowane zane da tambayar da yake amsawa. Stubbs na nuna wa attajirin da ya biya shi yadda tsoka ke kwance a kan ƙashi, mai zanenmu kuwa na nuna wa jama'a darajar doki da ta mai shi. Kuma daidaiton da ake taƙama da shi bai kai yadda ake zato ba. Manyan masu zanen Turai sun yi ƙarnuka suna zana doki a guje da ƙafafun gaba miƙe gaba, na baya miƙe baya, har Géricault a hotonsa na sukuwar Epsom na 1821. Sai a 1878 hotunan Eadweard Muybridge suka nuna cewa lokacin da ƙafafu huɗun ke barin ƙasa a tattare suke ƙarƙashin ciki. Ba wanda ya sauke Géricault daga bango saboda haka, domin an yarda cewa ya kama gudun ko da bai kama ƙafar ba. Adalcin da aka yi masa shi nake nema wa mai fentin tasha.

Na biyu zai kawo maganar addini, kuma ita ce mafi nauyi a wannan zaure. Gaskiya ne akwai hadisai ingantattu masu tsananin gargaɗi ga masu yin surar abu mai rai, kuma an ruwaito Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan ne ya sa fasaharmu ta fi ƙarfi a zayyana da dagi da aikin allura, kuma duk wanda ya zaɓi ya nisanci hoton dabba don tsentseni ya kama hanya mai kyau, ba mai zarginsa. Sai dai malamai sun yi bayani dalla-dalla. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muke bi, an bambanta sura mai jiki da inuwa, cikakkiya, da zanen da ke shimfiɗe a kan bango ko takarda ko tufa. Ta farkon ce aka haramta, na biyun kuwa manyan malaman mazhabar sun ajiye shi a matsayin karhanci ko saɓa wa abin da ya fi. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ga doki mai fukafukai cikin kayan wasan Nana A'isha, ya tambaye ta, ta ambaci dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Alƙur'ani mai girma ya yi rantsuwa da dawaki masu gudu a surar Adiyati, a surar Nahli kuma ya ambaci cewa an halicce su don hawa da ado. Fatawa ta malamanmu ce, ga su nan zaune, su za su yanke. Abin da nake roƙo shi ne a yi hukuncin da ilmin da mazhabar ta tanada, kuma a tuna cewa adana hoton aikin da aka riga aka yi don sanin tarihi mas'ala ce daban da rataye shi don girmamawa.

Na uku zai ce, kuma da gaskiyarsa, dokin da muke wasawa dokin hari ne. Tarihin Kano da kansa ya ce Kanajeji na aika wa Kwararrafa dawaki su aiko masa da bayi. Mahayan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun addabi ƙasar Gurunsi a ƙarshen ƙarni na 19, kasuwar Salaga ta sayar da mutane kamar yadda ta sayar da goro, kuma har yau Builsa na bikin Feok a Sandema don tuna nasarar da suka yi a kan maharan. A cikin Zangon nan akwai jikokin wanda ya hau da jikokin wanda ya gudu daga ƙarar kofato, sun yi auratayya, suna sahu ɗaya a masallaci. Wannan magana ba a share ta. Amma goge hoton ba ya goge abin da ya faru, sai dai ya kawar da shaida. Hoton mahayi da mashi dama ce ta zaunar da yaro a gaya masa labarin ta fuska biyu, ta mai sirdi da ta mai gudu. Ban da haka, dokin kansa ya sauya aiki fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ya bar fagen fama ya koma hawan Sallah da hawan Daushe da rakiyar ango, har hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Dokin da direba ke sa a zana masa a bayan mota yana faɗin ƙarfi da juriya da isa gida lafiya, domin motar ce ta gaji ayarin, direban kuma ya gaji madugu a kan hanyar Tamale da Bawku da Wagadugu da Yamai.

Na huɗu zai ce zamani ya wuce wurin: kowa na da kyamara a aljihu, injin buga hoto na fitar da babban allo cikin awa guda, me za a yi da buroshi? Lallai injin ya karya kasuwar masu fenti da yawa. Amma kyamara na ɗaukar abin da ke gabanta ne kawai, ramammen doki ta fito da shi ramamme. Mai zane na iya haɗa wa mutum dokin kakansa da bai taɓa gani ba, daga abin da tsofaffi suka bayyana: launinsa kaza, sirdinsa kaza, ga irin rawanin mai shi. Kuma Kumasi ta riga ta nuna cewa aikin hannu na titi na iya kai wa ko'ina. Kwame Akoto, wanda aka haifa a 1950, daga rubutun alluna da fentin motoci ya fara, shagonsa na Almighty God Art Works a Suame ya horar da almajirai masu yawa, ayyukansa kuma sun shiga gidajen tarihi na Turai da Amurka. Abin da ya ɗaga shi shi ne an san sunansa, an adana aikinsa, an yi rubutu a kansa.

Saboda haka abin da ya rage namu ne, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Samarinmu masu waya su bi tashoshin manyan motoci da garejin Suame da tsofaffin shaguna da zaurukan Zango, su ɗauki hoton duk dokin zane da suka samu, su rubuta wurin da ranar, su tambayi sunan wanda ya zana da na wanda ya sa aka zana da dalilinsa. A zauna da dattawan da suka san hawa, Hausawa da Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Fulani, a naɗi sunayen launuka da kayan doki a kowane harshe tun masu sanin suna raye. Fadar Sarkin Zango ta zama ma'ajiyar wannan aiki, a nemi haɗin kan sashen koyar da zane na Jami'ar Kwame Nkrumah da Cibiyar Al'adu ta Kumasi da gidan tarihi na Manhyia. Masu hali kuma, in za su yi wa shago ko mota ado, su ba mai buroshi aikin, su biya shi da daraja, su ce ya sa sunansa a ƙasan zanen. Maroƙi na faɗin sunansa a cikin waƙa don kada a manta wanda ya yi ta, mai zane ma ya cancanci haka.

Yaron da ke sukuwa da dokin kara a lungun Aboabo wataƙila bai taɓa shiga barga ba, amma ya san yadda ake jan linzami a yi jinjina. Wani ne ya ajiye masa wannan sani, da baki ko da fenti, tun daga Katsina da Yendi da Salaga har ya iso gare shi a cikin kurmi. Ƙudan tsando ya hana doki zama a Kumasi, amma bai iya cizon na bango ba; wannan sakacinmu ne kaɗai zai iya kashe shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Zango da Asante da Ghana baki ɗaya lafiya.